Askin Malama Keziya

Injin aski ya riga ya cinye rabin kan Malama Keziya kafin ta tuna ba ta shawarci kowa ba. To wa ma za ta shawarta? Mijinta Ejike, mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, ya tafi Onisha saro kaya tun Talata, kuma a 2002 wayar hannu sai aljihun manya.

Zafin Maris ne ya kai ta shagon Sati mai aski a Samaru, zafi da kuma 'yan matan jami'a da take gani suna wucewa da kai sumul kamar ƙwai. Ta gaji da ƙaiƙayin gashin kanti, ta gaji da zaman kitso na awa shida. Da Sati ya nuna mata hotunan bango, sai ta ɗora yatsa a kan wanda askinsa ya fi na kowanne yin ƙasa. Rediyon shagon yana ta ba da labarin wata doguwar bas da ta kife a hanyar Lakwaja, hanyar da masu zuwa Onisha ke bi, amma mai kallon madubi ba ta da kunne.

"Malama, kwana uku ba ɗankwali, kada ƙuraje su feso," in ji Sati. "Sabulun salo da man kaɗanya, safe da yamma."

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai, shi ne Madam Chinwe, shugabar ƙungiyar matan garinsu Ejike. Shekara shida Keziya tana neman a ba ta zanin ƙungiyar, shekara shida Madam tana ce mata ita 'yar Wusasa ce, sai ta koyi al'adarsu tukuna. Ita kuwa Keziya Ibancinta bai wuce gaisuwa da tambayar farashin garin rogo ba. Idan Madam ta raina askin nan, ƙofa ta rufe ke nan har abada.

Sai ta ga gara a yi ta ta ƙare. Ranar Asabar ta shafe kai da mai, ta cire 'yan kunne domin wadda ke cikin hoton ba ta sa ba, ta zura farar riga mara ado don ta lura fari yana fito da baƙin kai. Ta nufi kasuwar Sabon Gari, layin masu busasshen kifi, inda Madam ke da rumfa.

Tana shiga layin ya yi tsit. Masu ciniki suka daina ciniki. Keziya ta ƙara miƙe wuya.

Madam Chinwe ta tashi a hankali, hannu a ƙirji. Ta zagaya ta, ta shafa kan da tafin hannu.

"Ke da kanki? Ba wanda ya sa ki?"

"Ni da kaina, Madam."

Madam ta juya ta yi wa matan layin wani dogon jawabi da Ibanci. Sannan ta rungume Keziya har warin kifi ya kama farar rigar.

"Ashe ke tamu ce, 'yata. Je ki gida ki zauna. Kada ki dafa komai, kada ki fita. Litinin za mu zo, mu duka."

A kan acaɓa, daga kasuwa har gidanta a Hanwa, iska na kaɗa mata ƙeya, Keziya tana ta jin haushin kanta. Da ta san reza ce mabuɗin zuciyar matan nan, da tun daren biki ta aske.

Ranar Lahadi ko coci matan ƙungiyar ba su bari ta je ba. Kwanukan abinci suka cika falo. Suka shimfiɗa mata tabarma a ƙasa, suka zagaye ta da waƙoƙi masu sanyi, wasu har da share ido. Matar da shekara shida ba ta amsa gaisuwarta ba, ita ce ke mata fifita. Keziya ta ga lalle shiga ƙungiyar nan ba wasa ba ne. Sau biyu ta nemi izini ta shiga ɗaki, ta ƙara man kaɗanya, ta dawo tana ƙyalli.

Litinin da hantsi aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka jera fararen kujeru. Har maza suka zo, layin su Ejike kaf an rufe shaguna. Madam Chinwe ta iso da wani yadi a ninke a hammata, Keziya ta hango shi, zuciyarta ta yi fari tas. Abin da ya rage mata kawai, ina ma maigida yana nan ya ga ranarta.

Bakinta kuwa da goro. Acaɓa ya tsaya a bakin rumfar, Ejike ya sauko da buhunsa, ya yi buɗu-buɗu da ƙurar hanya.

Kujeru suka tashi sama, kowa ya ranta a na kare. Madam Chinwe, wadda ciwon gwiwa ya hana ta durƙuso a coci tun bara, ta tsallake kwata ba ta taɓa ruwa ba. Wani dattijo da gudu ya gagare shi ya damƙi ƙasa ya watsa wa Ejike a fuska, ya tsaya yana jiran ya ga ko fatalwa ce za ta ɓace.

Keziya ta fito tana murmushi, ta karkata kai don hasken rana ya same shi sosai.

Ejike ya share ƙasa daga ido. Ya dubi rumfar, ya dubi farar rigar, ya dubi kan matarsa. Sai ya zauna a kan buhun, ya ce a hankali, "Keziya, a garinmu mace ba ta aske kai sai mijinta ya mutu."