Dosiyen da Ya Ƙi Ƙaura

Lissafi ya ƙi fita. Tsohon ordinatar, wato kwamfuta, na gidan haihuwa ya nuna adadinsa, sabon ya nuna nasa, dosiye ɗaya tak, fayil ɗin mutum guda, ya maƙale a hanya.

Halidu, mai shigar da bayanai, shi aka ɗora wa aikin dubawa. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar Gaya, masu tallafin da suka kawo tsohon tsarin suka naɗe tabarmarsu, suka ce a kwashe komai, a goge injinsu a mayar musu. Alassan, teknisiyan da aka turo daga Yamai, ya gama kwasar tun da hantsi. Sa hannun Halidu kawai yake jira ya goge ya kama mota.

Halidu kuwa ya ƙi sa hannu. Dama shi ba mai gaggawar tashi daga aiki ba ne, a watannin nan ma a bakin tasha yake cin tuwonsa.

Alassan, wanda hankalinsa ya riga ya isa Yamai, ya yi ta mita wai dosiyen dubban mutane sun ƙetare lafiya, a kan guda za a tsare shi. Da ya ga mita ba ta fisshe shi ba, ya zauna ya bincika rai a ɓace.

Dosiyen na wani jariri ne namiji, ya rasu kafin ranar suna, sabon tsarin kuma ba ya karɓar mutum babu suna. Irinsa suna da yawa, amma duk an rataya su a dosiyen uwayensu sun wuce. Shi wannan uwarsa ta riga shi rasuwa tun wurin haihuwa, an rufe nata dosiyen, bai sami inda zai kama ba. Idan aka goge tsohon injin, babu sauran abin da zai nuna ya taɓa zuwa duniya.

Kaltuma ungozoma ta shigo neman makulli. Ta leƙa allon, ta fita ba ta ɗauki makullin ba.

Alassan ya ce abu mai sauƙi ne, a rubuta kowane suna, inji ba ya tambaya. Halidu ya ce ba a laƙa wa ɗan mutane sunan ƙarya.

"To Malam Halidu, wa ya san sunan yaron da ko ragonsa ba a yanka ba?"

"Yana da suna," in ji Halidu. "Ranar da aka haife shi ake yi masa huɗuba a kunne. Sanarwa ce kawai ke jiran bakwai."

Alassan ya yi tsaki ya dubi agogo. Ya ce ai sunan uwa kaɗai ke cikin dosiyen, ina za a nemo uban yanzu, a garin Tunuga ko na Yelu? Mota dai ba za ta jira shi ba.

Baƙin cikin da Halidu ya daɗe yana dannewa ya taso. Ya jawo madannan injin gabansa.

Harafi bayan harafi ya rubuta Zakariya'u, sunan da ya raɗa da bakinsa a kunnen ɗansa, wanda ko matarsa ba ta tsaya ta ji ba.