Ba Gajiya

Tun da Hukumar Natsuwa ta ɗaura wa kowa abin hannu mai gane ƙarya, gaisuwa ta zama haɗari. In ka ce "ba gajiya" sau uku alhali a gajiye kake, sai a kai ka Gidan Hutu, ka yi mako guda ana koya maka numfashi.

Tanimu ya riga ya yi biyu, ga shi yau za a yi wa matarsa tiyata. Ya bi lungu yana kauce wa mutane har ƙofar asibiti. Nan ya tarar da surukinsa.

"Tanimu, ina gajiya?"

Ya durƙusa, ya saci kallon hannunsa.

"Akwai ta, Baba."

Tsohon ya kau da kai. "Ashe 'yata ta gajiyar da kai."