Na Karanta Shi Sau Biyu

Shekara shida sakatariyar ofishin tana riƙe da muƙamin da ba wanda ya naɗa ta a kansa: ita ke faɗa wa jama'a littafin da ya kamata su karanta. Duk ƙarshen wata takan tura sunayen ƙagaggun labarai uku a zauren wayar ma'aikata, kowanne da dalilin da ya sa ya burge ta. Abokan aiki suna kiranta Farfesa, tana kuwa amsawa.

Abin da ba su sani ba shi ne ta daɗe da daina karatu. Bayan bangon littafi take dubawa, ta leƙa babin farko, ta tsinto abin da wasu suka rubuta ta mayar da shi nata. Littattafan da ke jere a teburinta ko gefen shafinsu bai lanƙwashe ba.

Ya ku masu karatu, ba haka aka gada ba. Mu da muka riski tsofaffin masu kula da ɗakunan karatu shaida ne cewa ɗayansu ba ya miƙa wa mutum littafi sai ya kai shafin ƙarshe da idonsa, sannan ya dubi halin da mai karɓa yake ciki.

Sakatariyar tana da ƙanwa, Auta, mai sana'ar ɗinki, wadda sakatariyar ce ta rene ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Wata ranar Talata, Auta na kan keke tana ƙarasa kalmasar rigar wata mata, 'yarta mai shekara biyu ta faɗa cikin bahon wanki a banɗaki. Kafin a ankara rai ya yi halinsa.

Wata uku Auta tana zaune kusa da keken da aka lulluɓe da zane. Dangi kowa ya ce mata ƙaddara ce, amma ba maganarsu take jira ba. Abin da take tambayar mijinta kullum shi ne ko Yaya na ganin laifinta. Likita ya ce a samo mata abin da zai ɗauke hankalinta.

Sai ga Yaya da littafi sabo fil, bangonsa da hoton mace a bakin taga da furanni. A bayansa an rubuta cewa labarin wata uwa ce mai sana'a da jarrabawar da ta same ta. Mijin Auta ya tsokani Yaya cewa yau Farfesa ta zo duba mara lafiya, kuma maganinta ba ya buƙatar cokali. Har Auta ta yi ɗan murmushi.

“Sau biyu na karanta shi,” in ji Yaya. “Akwai wata mata a ciki, ke ce sak. Duk shafin da na buɗe, ke nake gani.”

Auta ta karɓa da hannu biyu. Ranar farko har ta ci abinci. A rana ta biyu ta kai tsakiyar littafin, inda matar ta bar ɗanta ta tafi sallamar masu ciniki, yaron ya mutu. Daga nan zuwa ƙarshe, maƙwabta da dangi da shi kansa marubucin suna ɗora mata laifi ne, labarin kuma ya ƙare ba wanda ya yafe mata.

Auta ta kulle kanta a ɗaki. Mijin ya karanta littafin, ya ɗauke shi ya tafi ofishin, ya ajiye a gaban sakatariyar. Ya tambaye ta a hankali ko da gaske ta san abin da ke ciki. Ma'aikata huɗu suna tsaye suna jiran takardunsu, duk sun kasa kunne.

Ta dube su, ta gyara zama. “Na karanta mana. Ai akwai darasi a ciki.”

Wannan amsar mijin ya kai gida, domin Auta ta rantsar da shi ya faɗa mata abin da Yaya ta ce. Bayan mako guda aka kwantar da ita a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, ba ci, ba magana.

A kan bencin barandar asibitin sakatariyar ta karanta littafin, karo na farko, cikin awa huɗu. Ta shiga ta durƙusa a gefen gado, ta rantse cewa ba ta taɓa wuce babin farko ba, kunyar mutane ce ta sa ta faɗi abin da ta faɗa.

Auta ta amsa tana kallon silin. “Kin ce mini sau biyu. Kin sake faɗa wa mijina a gaban jama'a. Yanzu da kika ga an kwantar da ni, kin ce ba ki karanta ba. Wanne zan ɗauka, Yaya? Lallashina kike yi.”

Ta juya fuskarta bango, ta roƙi ma'aikaciyar jinya kada a sake barin matar nan ta shigo. An sallami Auta bayan wata biyu. Yau shekara biyu ke nan keken yana lulluɓe, kuma in Yaya ta yi sallama a ƙofa, mijin ne yake fitowa ya ba ta haƙuri.

Saboda haka, kada ka yaba wa kowa littafin da ba ka karanta ba, balle wanda zuciyarsa ke da rauni, domin zai ɗauki abin da ke ciki a matsayin maganarka. “Ban karanta ba” kalmomi uku ne, kuma ranar da aka tambaye ka ita ce ranar faɗinsu.