Wata Biyar Halvard Yana Hawan Tudu

"Saura hawa ɗaya, Baba! Ko tsufan ne ya motsa?" in ji Sunniva.

"Tsufan gidanku," Halvard ya ce wa 'yar tasa, yana haki yana dariya.

Wata biyar ke nan kullum da safe yana hawan tudun bayan gidansa, da jaka mai kilo goma a baya. Ya bar shan taba, ya jingine sandarsa. Shekararsa saba'in da takwas, amma Sunniva ta yi masa alkawarin za su ratsa tsaunukan Hardangervidda a ƙafa, kwana goma, su biyu kaɗai.

Ranar tafiya ita ta haɗa masa kaya. A mota sai waƙa yake yi, taswira a cinyarsa. Ba su yi awa guda ba ta tsaya a ƙofar wani dogon gini. Wata ma'aikaciya ta fito da murmushi, ta ɗauki jakarsa.

Ya ɗaga kai ya karanta allon. Gidan kula da tsofaffi ne.

"'Yar nan, ina ne nan kika kawo ni?"

Sunniva ta riƙe sitiyari gam, ta ƙi kallonsa.

"Baba, wanda ke iya hawa bene da ƙafarsa kawai suke karɓa."