Buhu Goma na Albasa

Da la'asar Rilwanu ya taso daga lodin albasa a tashar Madawa, ya tsaya ƙofar gidan su Zulaiha. Ya kasa ɗaga kai.

"Zulaiha, ki nemi wani. Tun da na bar tramol, buhu goma kawai nake iya ɗauka. Da, arba'in nake lodawa."

Ta dube shi. Ta san lokacin da jandarmomi suka kwashe ƙwayar daga kasuwa, abokansa sun koma saye a ɓoye, shi kuwa ya kai kansa asibiti.

"Arba'in ɗin na ƙwaya ne," ta ce a hankali. "Goman nan naka ne. Turo manyanka wajen Baba ran Juma'a."