Darasi Tara da Suka Rage

Ƙarfe sha biyun rana daidai kamfanin da ke riƙe da shafin intanet ɗin ya rufe shi, kamar yadda ya yi gargaɗi. Shekara ashirin mahaifinsu ya yi yana zuba sirrin gyaran tsofaffin rediyo a ciki, kafin a tsinci gawarsa bara a shagon nan nasa da ke birnin Rosario. Kwana uku 'ya'yansa mata biyu suna kwashewa a takarda, amma darasi tara suka kuɓuce musu.

"Da kin rage surutu, da mun gama," in ji babbar.

"Yaya, ke da kowane zane sai kin tsaya kuka?"

Ƙaramar ta zare wayoyin kwamfuta da na injin bugawa daga bango. Tana cikin naɗewa, injin ya yi tari, ya ja takarda. Suka ƙame suna ƙirgawa har tara.

Ta goma ta fito a hankali, da ɗuminta. Zanen rediyon da aka kawo musu gyara da safen nan ne, an kewaye waya ɗaya, ga rubutun hannun mahaifinsu a gefe: "Kada ku taɓa wannan. Irinta ce ta ɗauke ni."