Angon Ɓeraye

Ɓeran da ya fi ƙiba, Auta ya sa masa suna Attajiri. Wanda ke wawure abincin 'yan'uwansa kuwa Dillali ne. Kullum da safe sai ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya kafin ya canja musu garin katako, ya wanke keji, ya cika kwalaben ruwa. Shi ya sa ma'aikatan ɗakin gwaje-gwajen suke ce masa angon ɓeraye.

Ba ya jin haushi. Aikin da ya samu ke nan bayan ya bar makaranta, kuma ɓeraye ba sa yi wa mutum ta'aziyya har su sa shi kuka.

Inna, mahaifiyarsa, ta rasu da damina. Da ciwon ƙafa ya matsa mata, Auta ne ya sayo mata wani maganin sassaƙe a tasha, wurin mai lasifika da ya rantse har gurgu yana tayarwa. Kowace safiya shi yake tsiyaya mata a kofi. Sai ta yamutsa fuska ta ce, "Auta, wannan ɗaci haka? Je ka ɗauko mini zuma." Kafin ya dawo ta shanye, tana ɗaga masa kofin, tana zaro harshe kamar ƙaramar yarinya. A makonta na ƙarshe ma ya ɗauke ta hoto a haka, zaune kusa da tukunyar furenta ta bakin taga. Hoton ne a fuskar wayarsa, sai dai ba ya iya tsaya masa da ido.

Asibiti sun ce zuciya ce. Auta bai gamsu ba. Ya kawo wa Dakta, shugabar ɗakin, ragowar kwalaben maganin, ya roƙe ta ta gwada, don ya sani ko da hannunsa ya shayar da mahaifiyarsa ajali.

Dakta ta raba ɓerayen gida biyu. Wasu ruwa zalla, wasu kuma an garwaya musu maganin a ruwan sha. Attajiri da Dillali suka faɗa gida na biyu.

Washegari dariya ta cika ɗakin. Duk ɓeran da ya sha, bakinsa ya rine shuɗi har gashin-baki.

"Ango, amaren naka sun yi kwalliya," in ji Dakta. Ta buɗe bakin Dillali ta nuna masa harshen. "Ka gani? Wannan magani ba ya rufa wa mai shansa asiri. Kurɓi ɗaya ya isa, kuma sai a kwana biyu launin bai fita ba."

Auta ya yi dariya tare da kowa. Hankalinsa yana kan ma'aunin nauyin ɓerayen.

Da farko ba a ga komai ba. Can sai Dillali ya daina sata. Attajiri ya fara zubewa, gashinsa ya tashi, ya koma lungu ya takure. Maƙwabtansu masu ruwa zalla kuwa sai tsalle suke yi, suna gwaguyar ƙarfen keji.

Ranar da sakamakon jini ya fito, Dakta ta kira shi, ta cire tabarau.

"Ƙodarsu ta taɓu, ƙanena. Ɓera dai ba mutum ba ne. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, wannan ba abin sha ba ne."

Ya ce ya gode. Ya rataye rigar aiki, ya zaga bayan gini inda yake shanya kejin da ya wanke, ya zauna a kan bokiti. Hasken rana na bi ta cikin ƙarafan yana zana layuka a ƙafarsa. Ya ciro waya, don ya nemi gafarar Inna ido da ido.

Karo na farko ya dubi hoton sosai. Ga kofi a ɗage. Ga idanun nan masu tsokana. Ga harshenta, ja fes, bayan makonni ana shan magani. Ya sa yatsu biyu ya faɗaɗa gefen taga: furen ya langaɓe, ƙasar tukunyar ta rine shuɗi.

Dariya ta kufce masa tare da hawaye. Zumarsa kawai Inna ta yi ta lashewa, maganin kuwa ko kurɓi ɗaya bai taɓa shiga bakinta ba.